Gyaran Lambu A Gidan Ƙauye: Shawara Ga Masu Zuwa Hutu

  Yau hirar tamu a kan ɗan lambun cikin gida ne, musamman na gidan nan da muke da shi a garinmu na asali, wanda ba mu kwana cikinsa sai an yi hutu.

Duk wadda ta taɓa bin hanyar Sakkwato zuwa Jega ana jajibirin Salla ta san yadda motoci ke jerin gwano. Wasu su tsaya Boɗinga, wasu su ratse Sifawa ko Dingyaɗi, wasu kuma su zarce Shagari da Dandin Mahe da Kajiji. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ke zaune a Sakkwato ko Kaduna ko Abuja ko Legas, sun kwaso iyalinsu za su gida. Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Shi kansa marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, da ya rasu a watan Disamba na 2018 garinsu Shagari aka kai shi aka yi masa sutura. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da yawan mazajenmu suka gina ɗaki biyu ko uku a cikin gidan gado, ko kuwa suka yi sabon gida a bayan gari, domin iyali su sami wurin sauka.

To, ga abin da ya kan faru. Uwargida ta iso ta ga tsakar gida fayau, ba ko ɗanyen ganye. Sai ta tuna da gidajen manyan ma'aikata na birni, ta sa a kira magini ya jera bulo a gindin bango ya shafe da siminti, ta aika Sakkwato a sayo mata furanni cikin leda, a dasa, a yi ta kwarara musu ruwa har kwana bakwai. Ranar komawa ta ce wa mutanen gida, "Don Allah a riƙa ba su ruwa." Bayan wata huɗu ta dawo ta tarar da busassun tsinke, akuya ta cinye rabi, rana ta ƙone sauran, bango kuma ya jiƙe ya fara zubewa. Daga nan sai ƙorafi, wai mutanen gida ba su da kula. Kuɗi sun tafi, zumunci kuma ya yi tsami a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ki yi wannan ɗan lissafi, 'yar uwa. Mako 52 ne a shekara. In kin daɗe a gida ƙwarai, ki haɗa Salla biyu da hutun yara, da wuya ki wuce mako 6. Sauran mako 46 ɗin lambun nan yana hannun Allah, yana hannun rana da iska da awaki, da kuma wadda kika bari a gida. Saboda haka duk abin da za ki shirya, ki shirya shi domin waɗannan makonni da ba ki nan. Wannan shi ne kan maganarmu ta yau.

A Fara Da Neman Izini

Garuruwan nan tsofaffi ne. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga kafin ya koma Gwandu. Gidajen irin waɗannan wurare suna da masu su da yawa, kuma kowane icce da ke ciki yana da labarinsa. Wata tsamiya ita ce iyaka tsakanin sashen maigidanki da na wansa. Wani gindin lalle kuwa surukarki ce ta dasa shi shekarar da aka kawo ta gidan.

Don haka kafin a sa fartanya, ki fara shawara da maigida, shi kuma ya gaya wa manyan gida. Ki sami Inna a ɗakinta, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce, "Inna, ina so in ɗan gyara bayan ɗakin nan, ina ya fi dacewa?" Za ki sha mamakin abin da ta sani. Ita ta san inda ruwa ke kwanciya da damina, ta san inda gara take, ta san inda aka taɓa haƙa salga aka cike. Kada a sare wani icce ko a tumɓuke wata shuka sai da yardar mai ita. Haka kuma ki sa faccalolinki cikin shawara, domin abin da aka shirya tare shi ake tsarewa tare.

A Duba Wuri Kafin A Haƙa

Wannan aiki na 'yan makaranta ne. Ke ɗaliba, ki yago takarda daga littafinki, ki zana gidan kamar yadda ake zana taswira a darasin labarin ƙasa. Ki nuna gabas da yamma, ki sa ɗakuna da zaure da madafa da rijiya ko famfo, da turken awaki, da makewayi, da kowane icce. Sa'an nan ki yi kwana biyu kina lura da abu huɗu.

Na farko rana. Ki duba inda take bugawa da hantsi, da inda take bugawa bayan azahar. Kayan miya suna son ranar safe, amma ranar la'asar ta bazara, lokacin da zafi kan haura 40 a ma'auni, tana dafa ganye. Wurin da ɗaki ko bango zai yi wa inuwa daga yamma shi ya fi.

Na biyu iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, tana busar da ƙasa tana yayyaga ganye. Hadarin damina kuma yawanci daga gabas yake tasowa. Ta waɗannan ɓangarori ake bukatar kariya.

Na uku ruwan sama. Ki lura da inda indararo ke zuba, da hanyar da ruwa ke bi ya fita waje. Ruwan da ke zuba daga rufin ɗaki ɗaya a damina yana da yawa ƙwarai, kuma kyauta ne. In aka yi masa 'yar hanya ya bi ta gindin itatuwa kafin ya fita, an rage wahala.

Na huɗu ƙasa. Ki ɗebo ta da ɗan danshi ki dunƙule a hannu. In ta wargaje, rairayi ce irin ta tudu, wadda ita ce ta fi yawa a wannan yanki, ruwa ba ya daɗewa cikinta. In ta dunƙule ta yi santsi, laka ce irin ta gidajen da ke kusa da fadama, tana riƙe ruwa har ya yi yawa. Kowace da irin shirin da ake yi mata.

Ruwa Shi Ne Ma'auni

A ƙasar Sakkwato ruwan sama na kirki daga watan Yuni ne zuwa Satumba. Sauran wata 8 duk abin da shuka za ta sha sai an jawo ko an sayo. To, fangali ɗaya mai faɗin ƙafa 3 da tsawon ƙafa 6 ya kan sha kamar bokiti ɗaya a rana da hunturu, in zafi ya shigo kuwa sai biyu, safe da yamma. Ke nan in kika yi fangali 10, kin ɗora wa wani jan bokiti 20 kullum. Wa zai ja? Tsohuwa mai ciwon baya? Ko yarinyar da ya kamata a ce tana aji ƙarfe takwas?

Saboda haka kada ki fara da tambayar yawan filin da kike da shi. Ki fara da tambayar bokiti nawa za a iya samu kullum ba tare da an cuci kowa ba. In biyu ne, to, lambunki na bokiti biyu ne, kuma babu abin kunya a ciki. Fangali biyu masu rai sun fi goma matattu.

Akwai kuma ruwan da muke zubarwa a banza. Ruwan alwala, da na wanke shinkafa da ganye, da na ɗauraye kwanuka in babu mai a ciki, duk shuka na sha. In aka dasa lemun tsami ko gwanda kusa da inda ake alwala, sau biyar a rana za ta sami rabonta ba tare da kowa ya tuna da ita ba. Amma ruwan wanki mai garin sabulu da ruwan gishiri suna kashe ƙasa, a yi musu hanya dabam. Ruwan makewayi kuwa kada ya kusanci abin da za a ci ɗanye.

A Raba Filin Kashi Uku

In kin san yawan ruwanki, sai ki raba filin gwargwadon nisansa da ruwan.

Kashi na farko shi ne na kusa da randa ko famfo ko madafa. Nan za a sa masu son ruwa kullum, watau alayyafo, da latas, da albasa mai lawashi, da tattasai, da na'ana'a, da ɗoɗɗoya. Abin da ido ke gani kullum shi hannu ke kaiwa gare shi.

Kashi na biyu na tsakiya, na itatuwan marmari ne, waɗanda in sun kama ƙasa sau ɗaya ko biyu a mako ya ishe su: lemun tsami, gwaiba, rumman, da mangwaro mai aure, wanda kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 ko 4. Gwanda tana saurin haihuwa, cikin shekara guda, amma tana da ƙishirwa, kuma a bar gindi biyu ko uku domin wasu maza ne ba su 'ya'ya.

Kashi na uku na can gefe, na masu haƙuri ne, waɗanda bayan shekarar farko damina kaɗai ta ishe su: zogale, lalle, magarya, da kuka in akwai fili. A Jamhuriyar Nijar ana aurar da magaryarmu da irin ƙasar Indiya, 'ya'yanta su yi manya masu nama. In kin sami irin wannan dashe, kada ki bar shi.

Ga ma'auni biyu da za ki riƙe. Kada fangali ya matsi bango, a bar aƙalla ƙafa 4, domin danshi na cin gindin ginin ƙasa, na bulo ma yana sa shafensa ya ɓare. Manyan itatuwa kuma irin su dogon yaro da mangwaro a nisanta su da ɗaki da rijiya da salga kamar ƙafa 20. Cediya da durumi kuwa ƙofar gida ce wurinsu, saiwarsu na tsaga gini.

Har ila yau kada son lambu ya sa a cinye tsakar gida. A bar wurin daka da shanya da shimfiɗa tabarma, a share shi fes kamar yadda iyayenmu ke yi. Fili mai shara ba ya ɓoye maciji ko kunama. Ciyawar ado irin ta gidajen birni kuwa a manta da ita, tana shan ruwa da yawa, ga ta matattarar sauro.

Yadda Ake Yin Fangali

Masu lambun fadama sun daɗe da gane cewa a ƙasa mai zafi shuka ta fi jin daɗi in tana cikin kwari. Wannan akwatin bulo da ake ɗagawa sama ya dace da ƙasashe masu yawan ruwa da sanyi. A nan wurinmu bulo na ɗaukar zafi ya gasa saiwa, ruwa kuma ya tsiyaye nan da nan.

In ƙasarki rairayi ce, a auna ƙafa 3 da ƙafa 6, a haƙa zurfin ƙafa ɗaya da rabi. A haɗa kwando biyu na ƙasar da aka haƙo da kwando ɗaya na ruɓaɓɓen taki, a mayar, amma a bar fuskar fangalin ta yi ƙasa da tsakar gida da kamar inci 4. Ragowar ƙasar a yi mata gefe da ita. Faɗin ƙafa 3 yana da dalili, domin hannu ya kai tsakiya ba sai an taka ciki ba. Tsakanin fangali da fangali a bar hanyar da mai bokiti za ta wuce. In ana son ado, a jera jan dutse ko tsingaron tukwane a gefe, sun fi siminti arha, kuma in an so sake tsari baɗi sai a kwashe su kawai.

In kuwa laka ce, ko wurin da ruwa ke kwanciya, sai a yi akasin haka da damina, a ta da kunya a shuka a kanta, a kuma zuba yashi da taki domin ƙasar ta saki.

Game da taki, kashin awaki da na tumaki da na shanu duk suna da kyau, amma sai sun ruɓe. Ɗanyen taki, balle na kaji, yana ƙone shuka. A tara shi a rami da toka da sharar ganye, a yayyafa ruwa, a rufe wata biyu ko uku. In takin juji za a ɗebo, a tankaɗe shi tukuna a fitar da leda da kwalba da tsofaffin batura.

Bayan shuka ta fito a rufe ƙasar da ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa ko yankakken karan gero, domin rana kada ta shanye danshin. Sai dai a bar tazarar yatsa huɗu daga jikin shukar, kuma kada a tara kara kusa da ɗaki mai rufin azara, saboda gara.

Dabaru Biyu Domin Ranar Da Ba Kowa

Dabara ta farko ita ce binne tulu. Ki sayi sabon tulu na ƙasa wanda ba a shafa masa komai ba, ki cika shi da ruwa ki ga ko jikinsa na yin gumi. In yana yi, a binne shi har wuya a gefen dashe ko a tsakiyar fangali, a cika, a rufe bakin da dutse mai nauyi saboda sauro da ƙananan yara. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali daidai inda saiwa take, ba ya tafiya a iska. Maimakon ban ruwa safe da yamma, sai a riƙa cika tulu kamar sau biyu a mako. Wannan ko tsohuwa ba za ta ji nauyinsa ba.

Ta biyu daga maƙwabtanmu muka samo ta. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoman Yatenga a ƙasar Burkina Faso, cikinsu har da marigayi Yakuba Sawadogo wanda ya rasu a 2023, suka farfaɗo da wata tsohuwar dabara ta haƙa ƙananan ramuka a ƙeƙasasshiyar ƙasa tun da rani, a zuba taki a ciki. Hausawan jihar Tawa a Nijar suka ɗauka, suna kiranta tassa. In ruwan fari ya sauka sai ya taru a ramin, gara kuma da ta zo cin takin ta huda ƙasa ruwan ya shige. Ke ma in akwai fako a bayan gida inda ko ciyawa ba ta fita, a haƙa ramuka masu faɗin taki ɗaya da zurfin taki ɗaya na hannu, a zuba taki cikin tafi biyu, a jira ruwa. Kabewa da kuɓewa da yakuwa da zogale duk suna yi a ciki. Itatuwa kuma a yi musu gefe mai siffar rabin wata, bakinsa na fuskantar inda ruwa ke gangarowa.

Shinge Kafin Shuka

Jar akuyar Sakkwato ta yi suna har ƙasashen Turai saboda kyan fatarta, amma ba ta san mai lambu ba. Aikin wata uku ta kan gama da shi kafin a sallame sallar azahar. Don haka kada a dasa ko tsinke sai an gama shinge. Darni ko zana sun isa a shekarar farko, a kafa su da ƙarfi ta gabas da arewa domin su tare iska, a yi ƙofa mai rufuwa. Kowane dashen icce da ke waje a kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando ko waya.

A cikin darnin sai a jera shinge mai rai wanda zai gaje shi. Lalle ya fi kowanne dacewa da gidan mata: yana jure fari, furensa na da ƙanshi da dare, ganyensa kuma ga amfani ga kuɗi. Aguwa da bini da zugu dabbobi ba su cin su, shi ya sa ake shingen gona da su, amma ba na cikin gida ba ne. Ruwan aguwa na cutar da ido, 'ya'yan bini da zugu kuwa guba ne, yara kan ɗauka gyaɗa ce su ci.

Wadda ke son ado kada ta ce an hana ta. Rumman na da jan fure mai kyau, yakuwa in ta nuna jawur take ga kuma zoɓo, soso da kabewa in suka hau rumfa sun ba da inuwar zama da furanni rawaya. In kuma akwai wata fulawa da ranki ke so, ki sa ta a tukunya ki ajiye a inuwa kusa da randa, ɗaya ko biyu.

In Tsohon Lambu Za A Sake

Wadda ta riga ta yi kuskuren akwatin bulo ba sai ta rushe duka ba. A cire layin da ya manne da bango, a kwashe ƙasar da ta jingina da shi, sauran bulon a yi gefen sabon fangali da su. Shukar da ke da rai kuma aka so a sauya mata wuri, a jira damina ta zauna. A ba ta ruwa tun daren jiya, a haƙo ta da yamma tare da ƙasar gindinta, a rage rabin ganyenta, a dasa, a yi mata inuwa da zana har mako guda. Babban icce kuwa ba a ta da shi, sai dai a yi masa sassabe a tsara sauran abubuwa a kewayensa.

In kin tumɓuke tsohon tumatir ko kuɓewa kika ga saiwar ta yi ƙulli-ƙulli, ƙasar ta kamu da wata ƙaramar tsutsa da ido ba ya gani. Kada a maimaita su a wurin. Tumatir da tattasai da attarugu da gauta 'yan gida ɗaya ne, cutarsu ɗaya, saboda haka a riƙa juyawa: bana su, baɗi albasa ko masara. Maganin ƙwari kuma yana ƙofar gida. A daka 'ya'yan dogon yaro cikin tafi 3 ko 4, a jiƙa a bokiti ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma. Maganin feshi na gona mai ƙarfi bai kamata ya shigo inda ake girki da renon yara ba.

Kowane Hutu Da Aikinsa

Kada ki ɗaura aikin lambu a kan Salla, domin Salla na matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, wata shekara ta faɗo da damina, wata da tsakiyar bazara. Hutun makaranta ya fi tsayawa wuri ɗaya, kuma ya zo daidai da yanayi uku.

Hutun watan Afrilu, bazara ce. Ba a dashe. Lokacin zane ne da awo, da haƙa fangali da ramuka, da tara taki, da kafa darni.

Dogon hutu na watan Agusta, damina ta zauna. Shi ne lokacin dasa itatuwa da lalle da zogale, da sauya wa shuka wuri. Rama da yakuwa da kuɓewa da lalo kuwa a bar saƙo a shuka su tun saukar ruwa, ki zo ki tarar da su. A binne tuluna kafin a tafi, domin watan Oktoba na da zafi.

Hutun watan Disamba, hunturu ne. Latas da karas da kabeji da albasa da tumatir sun fi son wannan sanyi, in akwai ruwa da mai ba su. A datse kan zogale daidai ƙirji domin ya yi rassa hannu ya kai, a shanya ganyen a inuwa, ki koma birni da guzurinki.

Amana Da Haƙƙi

Saura magana mafi nauyi. Lambun nan wani ne zai yi wahalarsa, saboda haka a yi magana a fili tun farko. In matar ƙanen maigida ce ko wata maƙwabciya, a gaya mata abin da ke nata: ganye da kayan miya duk nata ne, ta ci ta sayar, ke kuwa in kin zo a ɗiba miki. In yaro aka sa, a yanka masa lada a riƙa biya kan lokaci, kuma aikin ya zama bayan an taso makaranta. In ruwan saye ne, a bar kuɗinsa. In kin bugo waya ki fara tambayar lafiyar mutane kafin ta lemun tsami. In kuma kin zo kin tarar wani abu ya mutu, ki yi godiya a kan wanda ya rayu.

Iyayenmu suna tuna shirin ciyar da ƙasa na 1976, lokacin da aka yi kira ga kowace makaranta da kowane gida su yi ɗan lambu, da kuma shirin bunƙasa noma na gwamnatin Shagari a 1980. Shirye-shiryen sun wuce, amma tsadar kayan miya tana nan, hamada kuma ba ta daina matsowa ba. Gindin zogale biyar da lemun tsami ɗaya a gidan da tsofaffi da yara ke zaune ba ƙaramin taimako ba ne ga lafiyarsu. Malamai kuma sun sanar da mu cewa wanda ya dasa icce, duk abin da mutum ko dabba ko tsuntsu ya ci daga gare shi sadaka ce a gare shi.

To, 'yar uwa, in Allah ya kai mu hutu mai zuwa, ki tafi da takarda da fensir, ki fara da gaida Inna da ƙirga bokiti. Bana shinge da fangali biyu da icce uku sun isa, baɗi a ƙara. Sannu ba ta hana zuwa. Wadda ta gwada dabarar tulu ko ta tassa, muna so ta rubuto mana yadda ta kaya domin sauran 'yan uwa su amfana.

Allah ya sa albarka a abin da muka shuka, ya ba mu damina mai albarka, amin. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa.